Kwafar DNA a bairos ɗin papiloma

Kwafar DNA a bairos ɗin papiloma ita ce hanyar da wannan ƙwayar cuta ke bi wajen ninka kayan gadonta bayan ta shiga cikin sel, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jikin mutum da na dabba da su. Bairos ɗin papiloma shi ne ke haddasa tsiron fata da Hausawa ke kira tusar jaki a jikin mutane da shanu da wasu dabbobi. Nau'o'in da ke kama ɗan Adam ana kiransu HPV a dunƙule, sun haura 200, kuma kimanin 12 zuwa 14 daga cikinsu ne ke jawo kusan dukkan sankarar bakin mahaifa.

Bairos ɗin ba shi da na'urar kwafa tasa ta kansa. Furotin biyu kacal yake samarwa domin wannan aiki, E1 da E2, sauran kayan aikin kuwa duk na sel ɗin da ya kama ne. Saboda haka dole ya daidaita kwafarsa da rayuwar sel ɗin: ya lafa lokacin da sel ɗin ke ƙasan fata, ya hayayyafa lokacin da ya kusa fitowa sama. Wannan dogaro shi ne ke bayyana dalilin da ya sa cutar kan yi shekaru ba a san da ita ba, da yadda take rikiɗewa ta zama sankara, da kuma dalilin da ya sa allurar rigakafin da ake yi wa 'yan mata a Zuru da sauran sassan Najeriya take buƙatar a yi ta tun da wuri.

Siffa da kayan gado

Bairos ɗin papiloma ƙanƙani ne ƙwarai, faɗinsa kimanin nanomita 55. Ba shi da rigar kitse irin ta bairos ɗin mura ko na HIV. Ƙoƙo ne mai tauri da aka gina da furotin L1, wanda ke haɗuwa biyar-biyar ya ba da dunƙule 72, tare da ɗan furotin L2 a ciki. Rashin rigar kitsen ya sa yake jure bushewa.

A cikin ƙoƙon akwai DNA mai zare biyu, a tufke kamar igiya, kuma bakinsa biyu a haɗe suke ya zama zobe. Tsawonsa kimanin haruffa bibbiyu 8,000 ne, alhali na ɗan Adam ya kai kimanin biliyan 3. An kasa zoben gida uku. Akwai sashen farko mai ɗauke da umarnin yin E1, E2, E4, E5, E6 da E7. Akwai sashen ƙarshe mai umarnin L1 da L2. Sai wani yanki da ba ya samar da furotin ko ɗaya, amma a nan ne ake kunnawa da kashe sauran, kuma a nan mafarin kwafa yake.

Abin da aka koya daga shanu

A shekarar 1907 wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya nuna cewa ruwan tusar jaki da aka tace har ba sauran bakteriya a cikinsa yana iya haddasa sabon tsiro. A 1933 Richard Shope ya gano bairos ɗin papiloma a jikin zomayen daji a Amurka, kuma a 1935 Peyton Rous da Joseph Beard suka nuna cewa tsiron zomayen na iya zama sankara.

Daga nan bincike ya yi tafiyar hawainiya, domin bairos ɗin ɗan Adam ba ya yarda ya hayayyafa a cikin sel ɗin da ake renonsu a faranti. Abin da ya ceci masu bincike shi ne bairos ɗin shanu, musamman nau'in da ake kira BPV-1. Tsironsa manya ne, ana samun bairos mai yawa a cikinsu, kuma DNA ɗinsa na iya zama a cikin sel ɗin ɓera a ɗakin gwaji. A 1981 Peter Howley da abokan aikinsa suka nuna cewa DNA ɗin yana zama a matsayin zobe mai zaman kansa, ba tare da ya manne a cikin DNA na sel ba. A 1982 aka karanta jerin haruffansa gaba ɗaya. A 1990 ɗakin binciken Michael Botchan a Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa E1 da E2 suna haɗuwa da juna, a 1991 kuma Mart Ustav da Arne Stenlund suka tabbatar cewa su biyun ne furotin na bairos da kwafar ke buƙata. Kusan duk abin da aka sani game da fara kwafar HPV, a jikin bairos ɗin saniya aka fara ganinsa.

Shiga cikin sel

Fata da shimfiɗar bakin mahaifa hawa-hawa suke. Sel ɗin da ke hawa na can ƙasa ne kawai ke rabuwa gida biyu su haifar da sababbi. Waɗanda aka haifa sukan yi ta matsawa sama, su daina rabuwa, su balaga, su mutu, su kakkaɓe. Bairos ɗin ba zai iya kafuwa ba sai ya kai ga hawan ƙasa, don haka yana buƙatar ɗan rauni ko ƙujewa, ko da ido ba ya gani. A jikin saniya ƙaya ko igiya ko gogayya da turke na iya buɗe masa hanya. A bakin mahaifa, wurin da ya fi rauni shi ne iyakar da shimfiɗa iri biyu suka haɗu, kuma yawancin sankarar daga nan take farawa.

Idan ya isa, sai ya kama wasu sinadarai masu kama da sukari da ke kan shimfiɗar ƙasa. Wani inzam na jiki mai suna furin ya yanke bakin L2, sannan sel ya haɗiye bairos ɗin. Tafiyar ba ta da sauri, takan ɗauki sa'o'i da yawa. L2 ne ke rakiyar DNA ɗin har kusa da cibiyar sel, inda ake ajiye kuromosom, amma ba shi da ikon huda katangar cibiyar. Sai ya jira lokacin da sel zai rabu biyu, lokacin da katangar ke rushewa da kanta, sannan ya shige. Wannan ma wani dalili ne da ya sa sel mai rabuwa kaɗai yake iya kamawa.

Aikin E1 da E2

Kafin a kwafi DNA dole a warware tufkarsa, domin kowane zare ya zama abin dubawa wajen saƙa sabo. E1 shi ne mai warwara. Irin wannan furotin ana kiransa helikes, kuma yana ƙona sinadarin ATP ya samu ƙarfin aiki. Shi kaɗai ne inzam da bairos ɗin ya mallaka. Sai dai yana da aibi guda: idan aka bar shi shi kaɗai, ba ya bambance mafarin kwafar bairos da sauran DNA mai ɗimbin yawa da ke cikin cibiyar sel.

E2 ne ɗan jagora. Yana aiki bibbiyu, kuma yana gane wani jeri na haruffa 12 da ya fara da ACC ya ƙare da GGT, da haruffa shida a tsakani. A nau'o'in HPV masu kama al'aura akwai irin wannan jeri guda huɗu a yankin sarrafawa. E2 ya kama jerin da gefe ɗaya, ya riƙo E1 da ɗaya gefen, ya ajiye shi daidai kan mafarin. Da zarar E1 ya zauna ya kama ATP, sai E2 ya sake shi ya janye. Daga nan ƙarin E1 ke ta zuwa suna taruwa, da farko uku-uku, har su kai zobba biyu masu E1 shida-shida. Wurin da suka zauna cike yake da haruffan A da T, waɗanda riƙonsu bai kai na G da C ƙarfi ba, don haka buɗe shi ya fi sauƙi.

Kowane zobe yana zagaye zare ɗaya, yana janyo shi ta tsakiyarsa, ɗayan zaren kuma yana wucewa ta waje. A 2006 Eric Enemark da Leemor Joshua-Tor suka wallafa hoton tsarin wannan zobe riƙe da zaren DNA. Sun nuna cewa E1 ɗin shida suna jere ne kamar matakalar bene mai karkacewa, kowanne riƙe da harafi ɗaya yana sauka da shi, idan ya kai ƙasa ya saki ya koma sama ya kama wani. Wannan hoto ya zama abin misali wajen fahimtar masu warware DNA a sauran halittu, har da na ɗan Adam.

Sauran aikin na mai gida ne. E1 yana kiran furotin RPA na sel ya lulluɓe zaren da aka warware don kada ya sake tufkewa. Yana kiran topoisomeres ya sassauta murɗewar da ke taruwa a gaba, kamar yadda igiya ke ƙulluwa idan ana warware ta daga baki ɗaya. Yana kiran folimares alfa ya aza tubalin farko, sannan sauran folimares na sel su ci gaba da saƙa. Zobban biyu suna tafiya, ɗaya dama ɗaya hagu, har su haɗu a ɗaya gefen, a samu zobe biyu na DNA a maimakon ɗaya. Da yake folimares na sel yana duba kuskurensa ya gyara, bairos ɗin papiloma ba ya saurin canza kama kamar na mura ko HIV. Shi ya sa ba a sauya allurar rigakafinsa kowace shekara.

Matakai uku

Kwafar ba ta tafiya da sauri ɗaya. Jim kaɗan bayan shiga, bairos ɗin yakan ninka kansa zuwa kimanin kwafi 50 zuwa 100 a cikin sel guda, sannan ya tsaya. Wani gajeren furotin da ake kira E8^E2 na cikin masu taka masa birki.

Mataki na biyu shi ne na zaman jira, kuma yana iya ɗaukar watanni ko shekaru. Duk lokacin da sel ya kwafi nasa DNA, na bairos ma sai a kwafe shi, adadin ya tsaya kusan yadda yake. Matsalar a nan ita ce rabon gado: idan sel ya rabu biyu, zobban bairos na iya zubewa a wajen sabuwar cibiya su lalace. E2 ne ke magance wannan. Yana riƙe zoben da gefe ɗaya, ya manne a jikin kuromosom na sel da ɗaya gefen, kamar ƙarangiya a jikin riga, duk inda kuromosom ya tafi da shi za a tafi. A 2004 aka gano cewa a bairos ɗin shanu, wani furotin na sel mai suna Brd4 ne E2 ke kamawa. A wannan mataki furotin ɗin da bairos ke samarwa kaɗan ne ƙwarai, don haka garkuwar jiki ba ta cika lura da shi ba.

Mataki na uku yana faruwa ne a sel ɗin da suka baro hawan ƙasa, kuma a nan ne bairos ɗin ke fuskantar babbar matsalarsa. Yana son ya yi dubban kwafi, amma sel ɗin da ya balaga ya riga ya rufe ma'aikatar kwafar DNA. E7 ne ke sake buɗe ta. Yana kama furotin pRb, wanda aikinsa shi ne hana sel shiga kwafa ba bisa ƙa'ida ba, ya kawar da shi. A al'ada, idan sel ya ga irin wannan rikici, furotin p53 yakan tsayar da komai ko ya sa sel ya kashe kansa. E6 na nau'o'in masu haɗari yana haɗa kai da wani inzam na sel, E6AP, su sa a rusa p53. Ƙari a kan haka, bairos ɗin yana tayar da ƙararrawar gyaran DNA ta sel da gangan, wadda ake kira ATM, domin ma'aikatan gyara su taru a inda yake ya yi amfani da su. Cary Moody da Laimonis Laimins ne suka nuna haka a 2009. Sakamakon shi ne kwafi dubbai a cikin sel guda.

Sai a hawa na sama ake samar da L1 da L2, a zuba DNA a cikin ƙoƙo. Bairos ɗin ba ya fasa sel, ba ya shiga jini, ba ya sa zazzaɓi. Yana fita ne tare da matattun sel da ke kakkaɓewa da kansu. Duk da wannan ɓuya, a mafi yawan mutane garkuwar jiki tana gano shi daga baya. Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu kamuwa suna rabuwa da shi cikin shekara biyu.

Lokacin da kwafar ta kauce hanya

Sankara ba ta amfanar bairos ɗin da komai, domin sel ɗin sankara ba ya balaga, kuma ba ya samar da sababbin bairos. Hatsari ne da ke biyo bayan daɗewa. Idan nau'i mai haɗari ya yi shekaru a hawan ƙasa, E6 da E7 na iya fara aiki da ƙarfi a cikin sel masu rabuwa. Sel ɗin da ba shi da pRb da p53 yana ta rabuwa yana tara kurakurai ba mai tsawata masa.

Sau da yawa zoben bairos yakan tsinke ya manne a cikin kuromosom na sel. Tsinkewar takan faɗa a kan E1 ko E2, kuma da yake E2 yana cikin masu rage ƙarfin E6 da E7, rashinsa yana sakar musu linzami. Sel ɗin HeLa, da aka ɗauka daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a birnin Baltimore a 1951 kuma ake amfani da su a ɗakunan bincike har yau, suna ɗauke da guntayen HPV18 a manne ta wannan hanya. Harald zur Hausen na Jamus da ɗalibansa ne suka gano HPV16 a 1983 da HPV18 a 1984, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan nau'o'i biyu ne ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Daga kamuwa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, amma ga mace mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, yana iya zama shekara 5 zuwa 10.

A Zuru da Jihar Kebbi

Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, kuma masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba. Ƙasa ce ta noma da kiwo, a nan ne kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya take, wadda aka kafa a 2020. Makiyayan yankin, kamar na ko'ina, sun san tsiron da ke fitowa a wuya da kai da hantsar shanu, musamman maruƙa, wanda galibi yake bushewa ya faɗi da kansa bayan wasu watanni. Wannan shi ne bairos ɗin da aka koyi aikin E1 da E2 a jikinsa. Bairos ɗin papiloma yana da tsananin zaɓen mai masauki, don haka na saniya ba ya kama mutum. Ko tsiron da ke yawan fitowa a hannun mahauta ma nau'in ɗan Adam ne, akasari HPV7. BPV-1 da BPV-2 dai suna tsallakawa zuwa doki da jaki da alfadari, inda suke haddasa wani tsiron fata mai wuyar warkewa.

Ta fuskar lafiyar mata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin masu sankarar bakin mahaifa kimanin 12,000 a Najeriya, kuma kimanin 8,000 sun rasu. A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Kebbi na cikin jihohin zagayen farko, sauran jihohin suka biyo baya a watan Mayun 2024. Tun kafin nan batun sankara ya samu murya a jihar ta bakin Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid mai yaƙi da sankara, kuma matar gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023.

Yadda bairos ɗin ke kwafar kansa yana amsa tambayoyi biyu da iyaye ke yawan yi. Ta farko, me ke cikin allurar? Furotin L1 ne kawai, wanda aka sa yis ya samar, ya haɗu ya zama ƙoƙo fanko. Babu DNA na bairos a ciki, babu E1, babu E2, saboda haka ba abin da zai kwafu, kuma ba ta iya sa cutar. Ian Frazer da Jian Zhou na cikin waɗanda suka fara nuna wannan dabara a Ostareliya a 1991, aka amince da allurar farko, Gardasil, a 2006. Irin da ake yi a Najeriya tana kariya daga nau'i huɗu: 6 da 11 masu sa tsiron al'aura, da 16 da 18. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama bai nuna tana hana haihuwa ba.

Ta biyu, me ya sa ake yi wa ƙananan yara? Allurar tana koya wa jiki ya tare ƙoƙon L1 tun kafin ya shiga sel. Idan DNA ya riga ya zauna a hawan ƙasa, ba a samar da L1 a wurin, don haka allurar ba ta da abin kamawa. Rigakafi ce, ba magani ba, kuma ta fi amfani idan an yi ta kafin aure.

Ga matan da suka wuce shekarun allurar, shekarun jiran da bairos ke yi su ne damar da likita ke da ita. Ana iya shafa ruwan binega a bakin mahaifa a ga wurin da ya yi fari, ko a ɗebi sel a duba a madubin likita, ko a nemi DNA na bairos ɗin kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son gwajin DNA, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Ga masu HIV kuma daga shekara 25, duk bayan shekara 3 zuwa 5. Idan an ga canji tun bai zama sankara ba, ana ƙona wurin da zafi ko sanyi, ko a yanke shi, a cikin 'yan mintoci.

Neman magani

Har yanzu babu maganin da aka amince da shi wanda ke kashe bairos ɗin papiloma kai tsaye. Dalilin yana cikin dabararsa: magungunan bairos irin na HIV suna kai hari ne kan inzam ɗin bairos, wannan kuwa inzam ɗaya kawai gare shi, sauran duk na sel ne, kuma taɓa su taɓa mai jinya ne. Masu bincike sun samar da sinadaran da ke hana E1 haɗuwa da E2, sun kuma yi aiki a ɗakin gwaji kan nau'i na 6 da na 11, amma ba su yi tasiri a kan na 16 da na 18 ba, saboda siffar wurin haɗuwar ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Ko da an samu irin wannan magani, ba zai taimaki sel ɗin da DNA na bairos ya riga ya manne a cikin kuromosom ɗinsa ba, domin a nan sel ne ke kwafarsa tare da nasa, ba ya buƙatar E1 ko E2. Saboda haka wani ɓangare na binciken ya karkata ga E6 da E7, da kuma alluran da za su koya wa garkuwar jiki gane sel ɗin da ke ɗauke da su.